Hukumar ruwa za ta ɗauki masu amsa waya: aiki ne ko kwalliya?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Hukumar ruwa ta gwamnati ta ce za ta buɗe cibiyar amsa kiran waya, za a ɗebi matasa, har ana ta yayata cewa an samar da sabbin guraben aiki. Mutane sai murna suke yi, ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Wanda famfonsa ya ƙafe ruwa yake nema, ba murya mai daɗi ba. Kuɗin da za a zuba a kujeru da kwamfutoci da na'urar sanyaya ɗaki, ba gara a sayi bututu da su ba? Masana a fahimtar da ni.

Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya, kai da kake da abin yi kake faɗin haka. Mu da muka gama karatu muna zaune, da babu gara ba daɗi. Ni dai na fara haɗa takarduna.

Baban Khalifa:
Allah ya ba ki sa'a ƙanwata, ba ke nake wa baƙin ciki ba. Tsarin nake tambaya.

Baba Injiniya:
Baban Khalifa, a harkar bututu na yi furfura, kuma a nan ban goyi bayanka ba. Bututun ruwa a ƙarƙashin ƙasa yake. Komai yawan injiniyoyin hukuma, ba za su iya zagaye kowane lungu kullum ba. Wanda yake fara ganin bututu ya fashe shi ne mai wucewa da asuba, ko matar da ta ga ƙofar gidanta ta zama taɓo alhali ba a yi ruwan sama ba. In ba su da lambar da za su kira, ruwan nan da aka tace, aka sa masa kilorin, aka ƙona wuta aka turo shi, haka zai yi ta kwarara mako guda kafin labari ya iso ofis.

Akwai abin da muke kira ruwan da ba ya kawo kuɗi: wanda ya zube ta yoyo, da wanda aka sata ta haɗin ɓoye, da wanda mita ba ta ƙirga ba. Akwai biranen da wannan ya kusa rabin abin da matata take fitarwa. Dubi Phnom Penh, babban birnin Kambodiya. A 1993, lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi ragamar hukumar ruwansu, kusan kashi 72 cikin 100 na ruwan ɓacewa yake yi. Daga baya suka sauko da shi ƙasa da kashi 10, kuma hukumar ta gwamnati ce, ba sayar da ita aka yi ba. Sun sauya tsofaffin bututu, sun sa mita, sun gyara rajistar masu amfani da ruwa, sun sa ma'aikatan gyara a shirye dare da rana. Wannan na ƙarshen ba ya aiki sai labarin yoyo yana isowa da wuri.

Saboda haka waya ba abokiyar gabar bututu ba ce. Amma fa ina da sharaɗi, zan dawo kansa.

Baban Khalifa:
Baba, ai ka faɗa da bakinka: sun sauya bututu, sun sa mita. Ba da masu amsa waya suka fara ba.

Baba Injiniya:
Haka ne ɗana, kuma sharaɗin nawa ke nan. Kowane kira dole ya zama takardar aiki mai lamba. Takardar ta isa hannun shugaban masu gyara, a sami mota mai mai, a sami kayan gyara a sito, a sami ma'aikacin da zai shiga rami. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, yarinyar da ke kan waya ba ta da abin faɗa sai "a yi haƙuri". To ita za a zaga, mu da muka kasa gyaran muna can ba wanda ya san fuskarmu.

Maman Ummi:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi wannan aikin a wani kamfanin sadarwa, bari in gaya wa Auta abin da ba a rubutawa a tallan neman ma'aikata.

Komai naki a aune yake. Minti nawa kika yi da kowane mai kira, daƙiƙa nawa kika ɗauka kafin ki karɓi na gaba, har tashin da kika yi zuwa banɗaki kwamfuta tana ƙirgawa. Ana naɗar muryarki, masu duba inganci su zaɓi wasu kiraye-kirayen su saurara su ba ki maki. Akwai ma'aunin da cibiyoyi da yawa suke bi, wato a amsa kashi 80 cikin 100 na kira cikin daƙiƙa 20. Idan layi ya cika, allon da ke bango ya koma ja, shugaban rukuni zai fara zagayawa a bayanku. Ga abin kunne manne da ke awa takwas, ga aikin karɓa-karɓa, wannan makon safe, mako mai zuwa dare. Shi ya sa mutane ba sa daɗewa, kullum ana horar da sababbi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin rai shi ne a ba ki waya a hana ki iko. Mutum ya kira karo na huɗu a kan matsala ɗaya, kina ganin ƙorafinsa uku a allo ba wanda ya taɓa su, kuma rubutun da aka ba ki ya ce ki ce masa "mun tura wa sashen da abin ya shafa". Kin san ba a yi komai ba, shi ma ya sani.

Na ruwa kuma zai fi namu zafi. Wanda layin waya ya ɓata wa rai yana iya sauya kamfani. Bututu ɗaya ne ya shiga gidan mutum, ba shi da wani wajen zuwa, ga yara ba su yi wanka ba, ga banɗaki. Duk wannan fushin a kunnenki zai sauka.

Auta:
Kai Anti, kin sa jikina ya yi sanyi.

Maman Ummi:
Kada ya yi sanyi, ki nema. Na koyi haƙuri da iya magana da saurin buga rubutu a can, kuma da su na sami aikin da nake yi yanzu. Ki dai shiga ido buɗe, ki ɗauke shi matakala.

Kwamared:
Duk kun tsallake tambayar farko. Wa zai ɗauki Auta? Sanarwa za ta ce "hukumar ruwa ta samar da ayyuka", amma sau da yawa sunan da ke saman takardar ɗaukar aiki na wani kamfani ne da ya ci kwangila. Muryarki ta hukuma ce, gaisuwarki ta hukuma ce, zagin da za ki sha na hukuma ne, amma albashi da fansho da hutun haihuwa ba na ma'aikacin gwamnati ba ne. Ran da kwangila ta ƙare, ko wani kamfani ya yi tayin da ya fi araha, shi ke nan. Kuma ina arahar take fitowa a aikin da kusan duk kuɗinsa albashi ne? Daga aljihun ma'aikaci.

Tsohon Ɗan Jarida:
Kwamared, akwai misalin da ya yi daidai da maganarka, na ƙasar Ayalan. A 2013 gwamnatinsu ta kafa Irish Water, kamfanin ruwa na ƙasa mallakar gwamnati, ya karɓi aikin daga hannun ƙananan hukumomi a farkon 2014. A 2013 ɗin aka ba wani kamfani mai zaman kansa a birnin Cork, sunansa Abtran, kwangilar cibiyar amsa kira, aka yi shelar guraben aiki 400. Ƙasar tana farfaɗowa daga durƙushewar tattalin arziki, don haka labari ne mai daɗi a lokacin.

To me ya sa ake bukatar mutane da yawa haka? Saboda za a fara sa wa gidaje mita a riƙa aika musu takardar kuɗin ruwa, abin da magidanta a can ba su saba da shi ba, don ta haraji ake biyan ruwan gida. Za a yi rajistar gidaje, za a amsa tambayoyin bil, za a bi bashi. A farkon 2014 kuma aka ji cewa an kashe wajen Yuro miliyan 50 a kan masu ba da shawara, ran jama'a ya ɓaci. Kafin ƙarshen shekarar dubun dubatar mutane sun fito zanga-zanga, wasu unguwanni sun tare masu dasa mita. A 2016 aka dakatar da cajin, a 2017 aka yi dokar mayar wa waɗanda suka biya kuɗinsu. Kamfanin yana nan har yau, yanzu da sunan Uisce Éireann.

Abin lura a wurina: idan ka ji hukumar ruwa tana ɗaukar masu amsa waya da yawa a lokaci guda, ka tambayi abin da ke tafe. Ruwa ba ya tsami banza. Galibi sabon bil ne, ko mita, ko ƙarin kuɗi.

Baban Khalifa:
Yauwa! Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ba don su ji kukanmu ba ne, don su karɓi kuɗinmu ne.

Alhaji Ɗan Kasuwa:
Haba Baban Khalifa, karɓar kuɗin laifi ne? Bututun da kake cewa a saya, da me za a saya? Kilorin kyauta ake ba su, ko wutar da ke juya injinan turo ruwa? Hukumar da ba ta iya karɓar kuɗinta ita ce wadda famfonta ke ƙafewa. Ni na fi son a aiko mini da bil daidai, in kuma an yi kuskure in sami wanda zan kira ya gyara, a kan in kashe wuni a layi a ofis ana ce mini mai fayil ɗin ya fita.

Kwamared kuma, maganar kwangila ba duka ce aibu ba. Aikin hukumar ruwa tace ruwa da turo shi. Kamfanin da sana'arsa amsa waya ce yana da na'urori da masu horarwa, in kira ya yi yawa yana iya ƙaro mutane cikin kwana biyu. Hukuma kafin ta ɗauki mutum ɗaya sai takarda ta zaga ofis goma.

Kwamared:
Alhaji, wanda ake iya ƙarowa cikin kwana biyu ana iya sallamarsa cikin kwana ɗaya. Saurin da kake yabo, a wuyan su Auta yake.

Alhaji Ɗan Kasuwa:
To sai a rubuta sharuɗɗa a cikin kwangilar: ga mafi ƙarancin albashi, ga 'yancin shiga ƙungiya, ga cewa in wani kamfani ya gaji aikin dole ya gaji ma'aikatan. A Tarayyar Turai akwai dokar da ke kare ma'aikata idan harka ta koma hannun wani. Matsalar mai rubuta kwangila ce.

Kwamared:
In an rubuta, kuma in an bi. Ni abin da ya fi damuna ma ba albashin ba ne kaɗai. Wanda ke cikin hukuma, in ya yi shekara biyu a waya yana iya komawa sashen mita ko na lissafin kuɗi, ya hau matakin gaba. Ɗan kwangila bango ne a gabansa. Kuma ilimin da ya tara, ya san wace unguwa ce ruwanta ke rauni in an yi zafi, wane layi ne bil ɗinsa ke rikicewa, duk da shi zai tafi.

Hajiya Goggo:
'Ya'yana, ni tambayata ƙarama ce. Kiran kyauta ne ko da katina zan zauna ina jin kiɗa? Sannan wannan "danna ɗaya, danna biyu" ɗin, tsoho da ido ya yi rauni ina zai gane? Kuma da wane harshe za a amsa mini? Wanda ba ya ji fa?

Maman Ummi:
Goggo, tambayarki ta fi tamu. Wanda ya fi bukatar layin shi ne wanda ya fi shan wahalar amfani da shi. A Birtaniya kamfanonin ruwa suna da rajista ta musamman ta tsofaffi da naƙasassu da masu jinya a gida, kamar masu wankin ƙoda, don in za a ɗauke ruwa a san da su a kai musu ɗauki. Irin wannan rajista mutum ne mai haƙuri yake cika ta, yana tambaya a hankali. In an ce masa kada ya wuce minti uku da kowa, ba zai yi ba.

Mai Lissafi:
Bari in sa baki a kan adadin, don ni duk sanarwar da ta ce "guraben aiki kaza" sai na yi mata lissafi. Tun 1917 wani masanin lissafi ɗan Denmak, A. K. Erlang, da ke aiki a kamfanin wayar Kofanhagan, ya fitar da hanyar ƙididdige layuka nawa ake bukata don kira kaza. Har yau da dabarunsa ake tsara yawan ma'aikatan irin wannan cibiya.

Misali kawai: a ce kira 600 ke shigowa a awa, kowanne minti 5. Minti 3000 ke nan, a raba da 60, aikin mutum 50 ne cif in ba wanda ya ɗaga kai. Amma kira ba ya zuwa a jere, yana zuwa ne a tare, don haka sai an ɗora wasu a kan 50 ɗin, in ba haka ba layi ba zai taɓa raguwa ba. Sannan a ƙara na masu hutu da marasa lafiya da waɗanda ke ɗakin horo. In kuma dare da rana za a yi, mako yana da awa 168, mutum ɗaya yana yin wajen 40, kujera ɗaya tana cin fiye da mutum huɗu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kiran hukumar ruwa ba ya tafiya daidai. Makon da bil ya fita, ko ranar da babban bututu ya fashe, wayoyi kamar su kama da wuta. Sauran ranaku shiru. Lokacin rajistar farko kuwa kira yana ninkawa, in an gama ya faɗi. Saboda haka adadin da ake shela yakan zama na ƙololuwa ne. A tambaya: nawa ne na dindindin, nawa ne na wucin gadi, nawa ne na rabin wuni?

Auta:
Malam, to wannan na'urar mai magana kamar mutum da ake ta cewa za ta ƙwace aikin fa? Kada in shiga a ce an maye gurbina.

Mai Lissafi:
Tambayoyin "nawa ake bina" da "yaushe za a dawo da ruwa" tuni saƙon waya da manhaja suke amsa su a wurare da yawa, kuma za su ƙara cinye su. Abin da zai rage wa mutum shi ne mai wuya: bil da ya rikice, wanda ya kasa biya yana neman a sassauta masa, wanda ya ce ruwansa ya sauya launi. Mutane za su ragu, aikin kowannensu zai yi nauyi.

Baba Injiniya:
Wannan na ƙarshen da Malam ya ambata, na sauyin launi, shi ne dalilin da ya sa ba na son a raina wannan kujera. Ku tuna garin Flint a jihar Michigan ta Amurka. A Afrilun 2014 aka sauya musu inda ake ɗebo ruwa zuwa kogin garin, ba a sa maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Nan da nan mutane suka fara kuka da launi da wari da ɗanɗano. Aka yi ta ce musu ruwan lafiya yake. Sai a Oktoban 2015 aka mayar da su tsohon ruwan, bayan an tabbatar dalma ta shiga jinin yara. Ƙorafi ya iso, kunnen da zai ɗauke shi da muhimmanci ne babu.

Mu a ɗakin gwaji samfuri muke ɗiba nan da can, lokaci zuwa lokaci. Jama'a kuwa kowane famfo suna dubawa kullum. In kira biyar ya fito daga unguwa ɗaya cikin awa guda duk a kan wari, wannan ba aikin "a yi haƙuri" ba ne, a take ya kamata a tashi mai kula da ingancin ruwa ko da tsakar dare ne. To wa zai gane haka? Sai wanda aka koya masa yadda ruwa ke tafiya daga matata zuwa tanki zuwa gida, aka kai shi ya ga wurin da idonsa. Horon mako guda a kan yadda ake gaisuwa ba zai ba shi wannan ba. A nan na fi karkata ga Kwamared: mutumin da zai riƙe irin wannan amana bai kamata ya zama baƙo a hukumar ba.

Alhaji Ɗan Kasuwa:
Baba, a raba mana. Layin gaggawa da na inganci su zauna a cikin hukuma, na bil a bayar kwangila.

Maman Ummi:
Alhaji, a takarda yana da kyau. A zahiri mai kira bai san rabon da kuka yi ba. Zai kira a kan bil ya yi yawa, ashe yoyo ne a bututun da ke bayan mitarsa. Sai na bil ya tura shi wajen na gyara, na gyara ya ce wannan maganar bil ce. Kowane turawa sai ya sake ba da labari daga farko.

Tsohon Ɗan Jarida:
Akwai kuma maganar bayanan mutane. Mai amsa waya yana ganin suna da adireshi da bashi, wani lokaci har lambar asusun banki. A Ayalan ɗin da na ambata, neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta PPS da kamfanin ruwan ya yi wajen rajista yana cikin abin da ya harzuƙa mutane, har gwamnati ta janye shi a ƙarshen 2014. Duk inda bayanai za su bar hannun hukuma su shiga na ɗan kwangila, a san wa ke da alhaki in sun fita.

Baban Khalifa:
Na ji duka, kuma na yarda waya tana da amfani. Amma har yanzu ina nan a kan bakata a abu ɗaya: a nuna mini masu gyara nawa aka ɗauka tare da masu wayar. In an ɗauki masu karɓar ƙorafi ba a ƙara masu maganinsa ba, ƙorafin kawai aka yi wa rumbu.

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma wanda ya turo tallan neman aiki da ake cewa a biya kuɗin fom ta asusun wani mutum, na goge. Auta da sauran masu nema, ku bi ta shafin hukumar kawai.

Kwamared:
Baban Khalifa, ko adadin masu gyaran ma ana iya yi maka wasa da shi. Ni abin da zan nema a buga duk wata shi ne: ƙorafi nawa ya shigo, nawa aka magance, cikin kwana nawa. A Kenya sun gwada wani tsari, MajiVoice, a kamfanin ruwan Nairobi: ka kai ƙorafi a ba ka lamba ta saƙon waya, ka riƙa bibiya, in ya wuce wa'adi ya hau teburin na sama, kuma hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin ruwa tana iya gani. A Ingila da Wales kuma in kamfani bai amsa rubutaccen ƙorafi cikin kwanakin aiki 10 ba, doka ta ce ya biya mai ƙorafin diyya.

Maman Ummi:
Kwamared, a yi hattara da "nawa aka magance". Duk inda aka ce za a auna mutane da yawan ƙorafin da suka rufe, za ka ga ana rufewa ba a gyara ba. Ƙarshen wata ya matso, a bi su a danna "an kammala", mai ƙorafi ya sake kira a buɗe masa sabo, lissafi ya yi kyau. Na ga an yi.

Auta:
To Baba, in haka ne wa ya kamata ya rufe ƙorafin? Mai waya ko mai gyara?

Baba Injiniya:
Ba ɗayansu, 'yata. Mai gyara ya rubuta ya gama, ya sa hoto da lokaci. Sai ke ki kira mai gidan ki ce ya je ya buɗe famfo kina kan layi. In ya ce ruwa ya zo, ki rufe. In ya ce bai zo ba, takardar ta koma da tsohuwar lambarta da tsohon kwanan watanta, kada a ba ta sabo. In sun kira ki ganawa, ki tambaye su ko haka tsarinsu yake.